Injin ɗumama gida a Amurka

Tambaya: Malam, ɗana da ke Amurka wai ya biya wani ya duba masa injin ɗumama gida mai shan mai, mu dai nan ƙauyen Ringim kasko da gawayi muka sani, ba ɓarnar kuɗi ba ce?

Amsa: Baba, wallahi ba ɓarna ba ce. Man nasu kusan dizal ne, yana cikin tanki, duk shekara kafin sanyi sai a canza filta da ɗan bakin da ke fesa man, a kankare kunkunniya, a leƙa bututun hayaƙi ko ya toshe, tankin ma ko tsatsa ta ci shi yana yoyo. In wutar ba ta ci sosai ba iskar guba take fitarwa, ba wari ba launi, irin dai wadda gawayi ke yi in an kulle ɗaki da hunturu, ku ma ku riƙa barin taga a buɗe.