Tambayi Likita: Ɓerayen da Aka Haska da Sankarar Jini

Tambaya: Likita, barka da aiki. Malaminmu na ilimin halittu ya ce idan aka haska wa ɓera radiyeshon, wato irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, kuromosom ɗinsa na karyewa har ya kamu da sankarar jini. Ni kuma bana sau biyu aka yi mini hoton ƙirji. Shin ina cikin haɗari?
Daga wata ɗalibar jami'a

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Malaminku bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗa muku yawan hasken ba.

Ɓerayen da ake wannan gwaji da su wani iri ne da ake kira CBA, an daɗe ana nazarinsu a Harwell, ƙasar Ingila. Akan haska musu jiki gaba ɗaya da kimanin giree 3, wato ma'aunin hasken da jiki ya sha. Hoton ƙirji ɗaya bai kai ko kashi ɗaya cikin dubu goma na wannan ba.

Kuromosom su ne zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a cikin ƙwayoyin jiki; ɓera na da 40, mu muna da 46. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, a mafi yawan ɓerayen da suka kamu, wuri guda ne ke gutsurewa: wani yanki na kuromosom mai lamba 2 a ƙwayoyin ɓargo. A yankin ne ƙwayar gado mai suna Sfpi1 take, wadda ke samar da sinadarin PU.1, shi kuwa shi ke sa fararen ƙwayoyin jini su nuna su kama aiki. Amma kowane kuromosom da abokin tafiyarsa. Ɗaya ya gutsure, ɗayan na riƙe da gida. Sai shi ma ya samu tangarɗa, galibi a gurbi na 235 na sinadarin PU.1, sannan ƙwayoyin su yi ta hayayyafa ba su nuna ba.

Shi ya sa cutar kan ɗauki fiye da shekara kafin ta bayyana, kuma ko a cikin waɗannan ɓeraye, kusan ɗaya cikin biyar ne ke kamuwa.

A mutane, an ga sankarar jini ta ƙaru a Hiroshima da Nagasaki bayan bama-baman 1945, nan ma haske mai yawa ne. Idan likita ya sake rubuta miki hoto, ki je a yi. Sai dai in kina da juna biyu, ki faɗa wa mai ɗaukar hoton kafin ki tsaya gaban na'ura.