Hukuncin Yin Magani da Alluran Ƙasar Sin

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin Tudun Wada ne a nan Zariya. Mahaifiyata ta haura shekara 60, kuma ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa da na ƙugu, har ta kai ga yin sallah a zaune, ga kuma hawan jini da take shan magani a kansa. Likita ya ce maganin kashe zafin da take sha ya fara taɓa mata ciki, sai a rage shi. Wani ɗan'uwanmu ya ba da shawarar a kai ta wurin masu soka siraran allurai irin na ƙasar Sin, wanda ake kira akufanca, ya ce har hawan jinin ma zai tafi ta huta da shan ƙwaya. Ƙanena kuwa ya ce tsafi ne, domin asalinsa aƙidar waɗanda ba Musulmi ba ce. Ya halatta in kai ta? Kuma allurar tana karya azumi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa ciwon ya zame mata kaffara, kai kuma ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi da ita.

Ya halatta a yi wa Hajiya wannan magani saboda ciwon gwiwa da na ƙugu, bisa sharuɗɗan da za su zo, amma bai halatta ta bar maganin hawan jini saboda shi ba. Ɗan'uwanku da ƙanenka kowanne ya riƙe wani yanki na gaskiya, sannan ya zarce da shi inda bai kai ba.

Asalin neman magani halal ne, shari'a ma ta kwaɗaitar a kansa. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da waraka, Muslim kuma ya ruwaito daga Jabir cewa kowace cuta tana da magani, idan aka dace da maganin cutar sai a warke da izinin Allah. Huda fata domin magani shi ma ba baƙon abu ba ne, tunda Annabi ya yi ƙaho kuma ya biya mai ƙahon ladansa, ga shi wanzamanmu suna yi har yau, kuma allurar da ake magana a kanta siririya ce ƙwarai, raunin da take yi bai kai na askar wanzami ba.

Kasancewar maganin ya fito daga wurin waɗanda ba Musulmi ba bai isa ya haramta shi ba. Imam Malik a Muwaɗɗa, da Muslim a Sahihinsa, sun ruwaito daga Judama 'yar Wahab cewa Annabi ya ce ya yi niyyar hana miji kusantar matarsa tana goyo, har sai da ya tuna cewa Rumawa da Farisawa suna yin haka kuma ba ya cutar da 'ya'yansu. Ka ga nan Manzon Allah ya lura da abin da wasu al'ummu da ba su yi imani ba suka jarraba a sha'anin lafiyar jiki, ya kuma gina a kansa. Da asalin magani ne ma'auni, da yawancin abin da ke cikin kemis ya haramta a kanmu.

Sai dai tsoron ƙanenka ba a banza yake ba. Tsofaffin littattafan likitancin Sin, waɗanda aka tattara fiye da shekara 2,000 da suka wuce, sun bayyana cewa akwai wani ƙarfi da suke kira ci, mai gudana a jiki ta manyan hanyoyi 12, kuma cuta tana zuwa ne idan ya toshe ko idan daidaito ya ɓaci tsakanin abubuwa biyu da suke kira yin da yang, allurar kuwa tana buɗe hanyar. Wannan bayani yana da alaƙa da falsafarsu game da halitta, kuma masu ilimin fiɗar jiki ba su taɓa ganin waɗannan hanyoyi ba, kamar yadda suke ganin jijiya da hanyar jini. Musulmi ba ya karɓar wannan a matsayin aƙida, kuma wanda ya ƙudurce cewa akwai wani ƙarfi mai warkarwa da kansa ba tare da Allah ba, to ya taɓa tauhidinsa, domin Annabi Ibrahim ya ce, kamar yadda ya zo a suratus Shu'ara aya ta 80, idan na yi rashin lafiya, Shi ne yake warkar da ni. Amma aikin daban, bayanin da masu shi suka rataya masa daban. Awfu ɗan Malik ya ce sun kasance suna tofi a jahiliyya, sai Annabi ya ce su bijiro masa da tofinsu, babu laifi ga tofi matuƙar babu shirka a cikinsa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Bai jefar da abin gaba ɗaya don asalinsa ba, tace shi ya yi.

Ƙa'idar malamai ita ce ba a riƙon abu a matsayin sababin waraka sai ta ɗayan hanya biyu: ko nassi ya tabbatar da shi, kamar zuma da ƙaho, ko jarrabawa bayyananniya ta tabbatar. Alluran Sin ba su da nassi, don haka dole mai fatawa ya koma ga masu bincike, bisa umarnin suratun Nahli aya ta 43 cewa a tambayi ma'abota sani.

Turawa sun fara mai da hankali sosai kan wannan magani ne bayan 1971, lokacin da aka yi wa wani ɗan jaridar Amurka, James Reston, tiyatar afendis a Beijin, aka soka masa allurai don rage zafin bayan aiki, ya kuma rubuta labarin. A 1997 wani taron masana da hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kira ya ce akwai hujja mai ƙarfafa gwiwa cewa yana rage tashin zuciya da amai bayan tiyata da bayan maganin ciwon daji, da kuma zafin haƙori bayan an yi masa aiki. Binciken da ya fi jan hankalina kuwa shi ne wanda aka yi a Jamus aka wallafa a 2007, a kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya. An raba su kashi uku: wasu aka yi musu alluran a wuraren da littattafan Sin suka tsara, wasu aka ɗan soka musu sama-sama a wuraren da ba su ne ba ba tare da sun sani ba, wasu kuma aka bar su a kan maganin asibiti da motsa jiki. Bayan wata 6, kimanin kashi 48 cikin 100 na rukunin farko sun samu sauƙi, na biyu kashi 44, na uku kashi 27. Daga baya, a 2012, wasu masana ƙarƙashin Andrew Vickers suka haɗa bayanan marasa lafiya kusan 18,000 daga gwaje-gwaje 29 kan ciwon baya da wuya da kafaɗa da gaɓoɓi da daɗaɗɗen ciwon kai, suka ga cewa alluran gaske sun fi na kwaikwayo, amma da tazara ƙarama, tazarar da ta fi girma tana tsakanin wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi masa ba.

Wannan sakamako yana da amfani ga hukuncinmu ta fuska biyu. Na farko, akwai sauƙi na zahiri da ake iya aunawa, kuma likitoci suna danganta shi da abubuwan da hankali ke kamawa, kamar yadda sukar allura ke motsa jijiyoyi har jiki ya saki sinadaran da ke dusashe zafi, tare da tasirin kulawa da kyakkyawan zaton da mara lafiya yake da shi. Wannan ya fitar da shi daga babin tsafi ya shigar da shi babin sabubba. Na biyu, tunda allurar da aka soka a wurin da ba nata ba ta kusa kamo ta gaske, to taswirar hanyoyin nan 12 ba ita ce ke aikin ba, ko kuma rabonta kaɗan ne, don haka Musulmi yana iya amfana da allurar ba tare da ya gaskata labarin da ke bayanta ba.

Ya kamata kuma a sani cewa masana ba su haɗu a kan baki guda ba. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a 2016 kada a riƙa ba da shi ga masu ciwon baya, sannan a 2021 ta yarda a gwada shi ga daɗaɗɗen ciwon da ba a gano musabbabinsa ba, alhali Jamus tana biyan kuɗinsa daga inshorar lafiya ga ciwon baya da na gwiwa, Amurka ma ta fara biya wa tsofaffi masu ciwon baya tun 2020. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne sababi ne mai rauni zuwa matsakaici wajen rage zafi, ba ya gyara gwiwar da ta riga ta ci, kuma matsayinsa mubahi ne, wanda ya bar shi bai yi sakaci ba.

Ban da zafi da tashin zuciya, hujjar ta yi ƙaranci. An gwada shi a Ostireliya da Niyuzilan a kan mata 848 masu neman haihuwa ta hanyar dashen ƙwai, aka wallafa a 2018, haihuwa ta zo kusan daidai tsakanin waɗanda aka yi wa alluran gaske da waɗanda aka yi wa na kwaikwayo, kimanin kashi 18 cikin 100 a kowane ɓangare. Hawan jini kuwa, wanda shi ne ya shafe ku, bitar da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta fitar a 2018 ba ta samu hujjar cewa yana saukar da jini saukarwa mai ɗorewa ba. Saboda haka barin ƙwayar Hajiya jefa ta ne cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda, kuma malamai sun ce magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga halaka ko rasa wata gaɓa. Mai allurar da ya ce muku ta ajiye maganinta, ko ya yi da'awar yana warkar da ciwon suga da ciwon daji da rashin haihuwa duka, ku bar wurinsa, domin ko dai jahili ne ko mai algus, kuɗin da ya karɓa a kan wannan da'awa kuma ba halal ba ne.

Sharaɗi na farko shi ne mai yin ya zama ya koya kuma an san shi da shi, zai fi kyau ya zama likita ko ma'aikacin gashin ƙashi mai rajista, saboda hadisin da Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito cewa wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da likitanci ba, shi ne mai lamuni, wato shi zai ɗauki alhakin ɓarnar da ya yi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin allurar da aka zurfafa a ƙirji ko a saman baya tana iya huda huhu. Sannan alluran su zama sababbi, a ɓare su daga leda a gabanku a kuma jefar bayan an gama, don ciwon hanta da ƙanjamau suna bin allurar da aka maimaita, Annabi kuma ya ce babu cuta babu cutarwa. Ka sanar da likitanta kafin ku fara, musamman idan tana shan maganin tsinka jini. A nemi mace ta yi mata, ko da ba Musulma ba ce. Idan babu, namiji amintacce yana iya yi gwargwadon buƙata, a buɗe wurin ciwon kawai, kuma kai ko wani muharraminta kuna wurin. Idan aka haɗa aikin da kiran wani suna, ko surkulle, ko sunkuya wa wani hoto ko gunki, to ya haramta nan take. Ku kuma yanke wa gwajin wa'adi tare da likita, idan makonni sun shuɗe babu canji a tsaya, kada a yi ta zuba dukiya.

Azumi kuwa ba ya karyewa da ita, domin allurar busasshiya ce, ba ta da rami kuma ba ta shigar da komai cikin jiki, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ma a zamanta na Jidda a 1997 ta ce allurar magani ta fata ko tsoka ko jijiya ba ta karya azumi, banda mai ciyarwa, balle wadda babu ruwa a cikinta. Idan tana jin jiri bayan an yi mata, a mayar da shi bayan buɗa baki, kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka karhanta ƙaho ga mai azumi idan ana tsoron ya raunana. Ɗigon jinin da kan fito a wurin allurar shi ma ba ya warware alwala a mazhabar Malik.

Wallahu a'alam.