Amsa ga mai shirin tahowa karatu Ingila da goyo, game da tatsar nono a jirgin ƙasa

Assalamu alaikum, ƙanwata. Ina fatan kina lafiya, da maigida da 'yar jinjira. Kin sanar da ni cewa kin samu gurbin digiri na uku a wata jami'a da ke Landan, kuma yarinya za ta kasance da wata huɗu a lokacin da za a fara zango, sannan saboda tsadar haya za ku sauka a Lesta wajen dangin maigida, ki riƙa shiga jirgin ƙasa zuwa Landan a ranakun da ake buƙatarki, shi kuma ya zauna da ita a gida. Tambayarki ita ce ko ya dace mace ta tatsi nono a cikin jirgi ko bas a ƙasar nan, ko kuwa abin kunya ne da zai jawo miki magana. Na ji daɗi da kika yi tambayar tun kina gida, domin mata da yawa sai sun iso sun sha wahala a ɓoye, wasu har su yaye yaro ba da son ransu ba.

Amsata ita ce babu laifi a ciki, kuma babu dokar ƙasar nan da ta hana. Mace mai shayarwa wadda ta bar ɗanta a gida tana da buƙatar da jikinta ba ya jira a kanta, kuma duk wanda ya ga laifinta bai san yadda nono yake aiki ba ne. Sai dai ina so ki ɗauki tatsa a cikin jirgi a matsayin mafitar da ake komawa gare ta idan hali ya kama, ki kuma tsara ranarki ta yadda yawancin tatsar za ta faɗo a gida da kuma a wani ɗaki mai tsabta a jami'a.

Dokar Daidaito ta shekarar 2010, wadda za ki ji ana kira Equality Act, tana aiki a Ingila da Wales da Sikotilan, kuma ta hana duk mai yi wa jama'a hidima, har da kamfanonin jirage da bas, ya muzguna wa mace saboda tana shayarwa. A makonni 26 na farko bayan haihuwa ana lissafa muzgunawar a matsayin wariya saboda jego, bayan nan kuma a matsayin wariyar jinsi, kuma ba a sa iyakar shekarun yaro ba. Sikotilan ta riga su, domin tun 2005 ta mai da hana ciyar da yaron da bai kai shekara biyu ba madara a bainar jama'a laifin da ake cin tara a kansa, har fam 2,500. A 2022 kuma aka ƙara wata doka a Ingila da Wales wadda ta haramta ɗaukar hoton mai shayarwa ba da yardarta ba don a wulaƙanta ta ko don sha'awa, da hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin shekara biyu. Abin da ya kamata ki lura da shi shi ne waɗannan dokokin duk shayarwa suka ambata, ba su ambaci tatsa da sunanta ba, ta Sikotilan ma sai yaron yana hannunki take aiki. Saboda haka kariyar da mai tatsa take da ita ba ta fito fili kamar ta mai shayarwa ba, ko da yake zai yi wuya wani ma'aikacin jirgi ya iya kare kansa idan ya kori mace daga kujerarta a kan haka.

A aikace, mutanen nan ba su cika kallon juna a jirgi ba. Kowa idonsa yana kan wayarsa ko littafinsa, kuma ƙura wa mutum ido rashin tarbiyya ne a wurinsu. Na shayar da 'ya'yana a ƙasar nan, na kuma ga mata Turawa da baƙi suna tatsa a jiragen dogon zango, abin da ya fi yawa shi ne na kusa da su bai ma san abin da ake ciki ba. Ba zan ce miki ba a samun mai tsaki ko mai baƙar magana ba, musamman ga mace mai hijabi, wadda wani lokaci hijabin ne ya tsone wa mutum ido tun kafin a zo batun nono. Idan haka ta faru, kada ki tsaya cacar baki. Ki sanar da ma'aikacin jirgi, idan kuma abin ya kai ga tsangwama ki aika wa 'yan sandan sufuri saƙon waya ta lamba 61016, wadda za ki ga an manna ta a tashoshi da cikin taragai.

Na san abin da ya fi damunki ba ra'ayin Bature ba ne, kunyarki ce da addininki. A gida mace tana shayar da ɗanta a motar haya daga Zariya zuwa Kano, ta ja mayafi ta rufe, babu mai cewa uffan, saboda kowa yana ganin yaron kuma ya san haƙƙinsa ne. Tatsa ce baƙuwa a wurinmu, tunda uwa ba ta cika rabuwa da goyonta ba, shi ya sa zuciyarki take raya miki kamar wani abu ne daban. Nonon da kika tatsa da rana shi yarinya za ta sha gobe a hannun babanta, kuma da shi za ki iya cika wata shida na nono zalla da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara, ki kuma doshi shekara biyun da aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambata ga mai son cika shayarwa. Sharaɗin da ke kanki shi ne suturta jiki a gaban mazan da ba muharramai ba, kuma a nan tufafinmu sun ba ki sauƙin da sauran mata suke nema da kuɗinsu, domin dogon hijabi ko faffaɗan mayafi ya wadatar. Nono kuma ba najasa ba ne, idan ya ɗiga a tufa ba ya hana salla, fitarsa kuma ba ta karya alwala.

Dalilin da ya sa na ce jiki ba ya jira shi ne nono yana samuwa gwargwadon yadda ake fitar da shi. Mai goyon wata huɗu tana buƙatar ta shayar ko ta tatsa kusan duk bayan awa uku zuwa huɗu. Idan aka wuce haka sosai, ƙirji zai cika ya yi tauri ya riƙa zuba, idan kuma aka mai da jinkirin al'ada, ruwan nonon zai fara raguwa, wani lokaci hanya ta toshe, wurin ya kumbura ya yi zafi, zazzaɓi da ciwon jiki su biyo baya. Duk ranar da kika ji irin wannan kumburi da zazzaɓi kuma bai lafa ba cikin yini ɗaya, ki nemi likitanki ko ki kira 111, lambar neman shawarar lafiya ta ƙasar nan, kada ki daina shayarwa ta wannan ɓangaren. Lissafin tafiyarki kuwa ga shi: daga Lesta zuwa tashar St Pancras da ke Landan awa ɗaya ce da 'yan mintuna, ki ƙara tafiya daga gida zuwa tasha da kuma daga tasha zuwa jami'a, sai a samu kamar awa biyu. Idan kin shayar da ita ta ƙoshi daf da fitarki, za ki isa jami'a ba tare da kin buƙaci tatsa a hanya ba. Matsalar takan zo ne da yamma, idan taro da malaminki ya ja lokaci, ko aka soke jirgi, ko ya tsaya a daji saboda matsalar sigina, abin da yake faruwa a ƙasar nan fiye da yadda ake zato daga gida. Don irin wannan ranar nake so kayan tatsarki su kasance a jakarki kullum, kuma zuciyarki ta natsu cewa kina da ikon amfani da su.

Ababen hawan ba ɗaya suke ba. Jirgin dogon zango shi ya fi dacewa, saboda za ki iya kama kujera tun lokacin sayen tikiti, sai ki zaɓi ta jikin taga a layin kujeru bibbiyu masu fuskantar gaba, ki guji masu tebur inda mutum huɗu suke fuskantar juna. Ki kuma guji taragon da aka ware don masu son shiru, domin a can ne ƙarar na'urar tatsa za ta fito. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan kuwa ba na ba ki shawara, saboda da safe da yamma cunkoso yakan hana mutum samun wurin zama, iskar ciki ba ta da daɗi, kuma tafiyar mintuna ce da za ki iya jurewa. Bas na cikin gari ma haka yake, ga birki da kwana da za su iya zubar miki da abin da kika tara.

Abu ɗaya da nake roƙonki da babbar murya shi ne kada ki shiga banɗakin jirgi don ki tatsa. Kunya takan kai mata da yawa can, alhali shi ne wuri mafi ƙazanta a jirgin, kuma abincin jaririya kike haɗawa. Hukumar kula da lafiya da kariya a wuraren aiki ta ƙasar nan ta faɗa a fili cewa banɗaki bai dace da tatsar nono ba, kuma a 2022 wata kotun ma'aikata ta ba wata malamar makaranta gaskiya bayan da rashin ɗaki ya tilasta mata tatsa a banɗaki da cikin motarta. Ke ɗaliba ce, ba dokar ma'aikata ce take bin ki kai tsaye ba, amma Dokar Daidaito ta shafi jami'o'i, kuma da yawansu suna da ɗakin shayarwa mai kujera da firji da makulli. Ki rubuta wa ofishin kula da ɗalibai da sashenku tun kafin ki taso, ki tambayi inda ɗakin yake da yadda ake karɓar makulli, ki kuma sanar da malamin da zai duba aikinki cewa za ki riƙa fita na kamar minti ashirin zuwa talatin sau biyu a yini. A nan mutum yakan samu haƙƙinsa cikin sauƙi idan ya nema a rubuce.

Game da kaya, na'urar da ake sakawa cikin rigar nono, mai batir kuma marar igiya, ita ta fi dacewa da matafiya, irin su Elvie da Momcozy, ta farkon tana da tsada, ta biyun da sauƙi. Za ki saka ta ƙarƙashin hijabi, ki zauna a miƙe kada ki sunkuya, bayan minti goma sha biyar zuwa ashirin ki kashe. Wasu mata ba sa samun nono da yawa da irin wannan, don haka ki gwada ta makonni kafin a fara karatu, a daidai lokacin da kike koya wa yarinya karɓar kwalba daga hannun babanta. Ki riƙe ƙaramar ta hannu ma saboda ranar da batir ya mutu. Idan kin sayi na'ura a Nijeriya mai filogin baki uku masu kusurwa huɗu, ba masu zagaye ba, za ta shiga soket ɗin nan ba tare da wani ƙari ba. Ki goge hannu da man tsabtace hannu kafin ki taɓa komai, juyewa cikin kwalba kuma ya fi kyau ki bari sai jirgi ya tsaya a tasha, kayan da kika yi amfani da su ki ɗaure a leda mai tsabta sai kin koma gida ki wanke ki tafasa.

Ajiya ita ce wurin da kuskure yake cutar da yaro. Shawarar hukumar lafiya ta ƙasar nan, wato NHS, ita ce nono yana kai kwana takwas a firjin da sanyinsa yake digiri 4 ko ƙasa, idan kuma ba ki da tabbacin sanyin ki yi amfani da shi cikin kwana uku, a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili kuma yana kai wata shida. Wanda ya riga ya yi sanyi a firji za ki iya ɗaukarsa a jakar sanyi mai ƙanƙara har awa 24, wanda kika tatsa a jirgi kuma ki sa shi cikin jakar nan take, domin taragai suna da ɗumi a lokacin hunturu. Kada ki zuba mai ɗumi a kan mai sanyi sai shi ma ya huce. Idan kin ga ya rabu, mai ya taso sama, bai lalace ba, ki juya kwalbar a hankali ya haɗe. Wata 'yar'uwa za ta iya ce miki nonon da ya daɗe a ƙirji ya ɓaci sai an zubar, wannan ba haka yake ba, nono ba ya lalacewa a jikin uwa.

Ki rubuta sunanki da kwanan wata a kan kowace kwalba, musamman idan za ki ajiye a firjin jami'a, ko nan gaba idan kin sa yarinya a gidan reno. Ga Bature wannan batun tsabta ne kawai, amma a wurinmu akwai ƙarin nauyi, domin a mazhabar Malikiyya nonon da ya isa cikin yaro a shekarun shayarwa yana haramta aure ko da kaɗan ne, kuma ko da ta kofi ko kwalba aka ba shi. Musayar kwalba tsakanin yara biyu na iya haifar da 'yan'uwantakar shayarwa ba tare da kowa ya sani ba, don haka ki yi wa masu reno bayani, za su fahimta kuma za su kiyaye.

Kafin ku biya kuɗin biza, ki tabbatar takardar jami'arki ta nuna cewa karatun naki na bincike ne, domin tun Janairun 2024 masu digiri na uku da sauran karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu ne kaɗai aka bar wa damar tahowa da iyali. Idan kun iso, ki yi wa kanki da yarinya rajista da likitan unguwa a makon farko, ki nemi a haɗa ki da ma'aikaciyar lafiyar da ke bibiyar yara ƙanana, ita za ta nuna miki inda masu shayarwa suke taruwa a Lesta, a duba miki ko bakin na'urar ya yi daidai da ke. Ki gaida maigida da mutanen gida. Allah ya raya mana ita, ya kawo ku lafiya.