Lambda, Spectrum da Otherwise: Waɗanne Irin Kyaututtukan Adabi Ne?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar adabi ce. A bayan wani littafin ƙagaggen labarin kimiyya na ga an rubuta cewa ya ci kyautar Lambda. Na san Hugo da Nebula, amma wannan ban taɓa jin ta ba. Wace irin kyauta ce, kuma su wa ake ba wa?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Lambda ɗaya ce daga cikin kyaututtuka uku na Amurka da ake yawan haɗa su wuri guda, wato ita da Gaylactic Spectrum da Otherwise, saboda dukkansu suna duba labaran kimiyya, na al'ajabi da na ban tsoro da suka taɓo batun jinsi ko rayuwar masu neman jinsinsu da masu sauya jinsi, waɗanda ake kira LGBTQ. Sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Hugo, wadda aka fara a 1953, mahalarta babban taron masoya wannan adabi ne ke jefa mata ƙuri'a. Nebula kuwa marubuta ne ke zaɓen junansu. Su kuwa Lambda da Spectrum da Otherwise alƙalai ake naɗa musu, su karanta, su yanke hukunci.

Lambda ita ce babbar yaya, an fara ba da ita a 1989. Rumfa ce mai faɗi: akwai rukunin waƙa, na tarihin rayuwa, na soyayya, kuma labaran kimiyya da al'ajabi da ban tsoro rukuni ɗaya ne kawai a ciki. Nicola Griffith ta ci ta da littafinta Slow River, wanda ya kuma ci Nebula, kin ga ke nan cin ɗaya ba ya hana cin ɗayar. An taɓa kai ruwa rana a kanta. A 2009 masu shirya ta suka ce wanda zai ci sai ya kasance shi kansa ɗan wannan rukuni ne. Aka yi ta cece-ku-ce, don ta yaya alƙali zai bincika sirrin rayuwar marubuci? Bayan 'yan shekaru aka janye sharaɗin, aka koma duban abin da ke cikin littafi. Ki kwatanta da gasar Hikayata ta BBC Hausa, inda sharaɗin yake kan mai rubutun, wato ta kasance mace.

Gaylactic Spectrum ta fi ƙanƙanta. Wata ƙungiyar masoya wannan adabi ce ta kafa ta a 1998, aka fara rabawa a 1999, kuma iyakarta waɗannan nau'o'in labarai uku.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce Otherwise, kuma a ganina kuskure ne a jera ta kai tsaye da sauran biyun. Abin da take nema shi ne labarin da ya sa mai karatu ya sake tunani a kan mene ne zama namiji ko mace. Marubuta biyu, Pat Murphy da Karen Joy Fowler, su suka sanar da ita a 1991 a WisCon, wani taron masoya wannan adabi da ake yi a birnin Madison na Amurka. Da farko sunanta James Tiptree Jr., sunan da wata mata, Alice Sheldon, ta yi shekaru tana rubutu da shi. Har wani fitaccen marubuci ya taɓa bugun ƙirji a rubuce cewa wannan salo ba zai fito daga hannun mace ba, sai ga asiri ya tonu. Kuɗin kyautar ma da sayar da kek da littattafan girki aka riƙa tara shi, da gangan, don a yi wa masu cewa aikin mata ke nan shaguɓe, kuma ana haɗa wa wanda ya ci da cakulan.

A 2019 aka cire sunan Tiptree. Dalili shi ne a 1987 Sheldon ta harbe mijinta, wanda ya tsufa kuma ido ya gaza masa, sannan ta kashe kanta. Wasu na cewa sun yi alkawarin mutuwa tare, amma masu fafutukar haƙƙin naƙasassu suka ce bai dace a ci gaba da girmama sunan ba.

Littafin farko da ya ci ta da sabon suna daga Najeriya marubucinsa ya fito: Freshwater na Akwaeke Emezi, daga jihar Abiya. Babu jirgin sama jannati ko mutum-mutumi a cikinsa. Labarin Ada ne, wadda ruhohi da dama ke zaune a jikinta, bisa aƙidar Ibo ta ogbanje, mai kama da abin da muke kira ɗan wabi.

Don haka idan za ki ambaci tambarin da kika gani a rubutunki na makaranta, ki faɗi shekarar da rukunin da littafin ya ci, domin a Lambda kaɗai rukunan sun haura ashirin.