Tambaya da Amsa: Dillali ya ce zai kai ƙanena Turai buga ƙwallo

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 17 yana buga ƙwallo a wata ƙungiyar unguwa nan Sakkwato, kuma duk wanda ya gan shi a filin Giginya sai ya yaba ƙafarsa. Wani dillali ya ce in muka haɗa kuɗin biza da na jirgi da na gwaji zai kai shi Turai. Tsohuwarmu har ta fara maganar sayar da gonar gado. Mu ba da kuɗin ko mu dakata?
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa'alaikumus salam. Malam, ku dakata, kuma a bar gonar nan inda take.

Shekarun yaron kaɗai sun isa su tsayar da maganar. Dokar FIFA ta hana a yi wa ɗan wasa rajista a wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan dalilai, kamar iyayensa su koma can da zama don wata hidima da ba ta ƙwallo ba. Ahmed Musa ma, da ya ci ƙwallo 18 a kaka guda a Kano Pillars, sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta Holan. In dillali ya ce muku "za a gyara", to shekarun fasfo yake nufin taɓawa, kuma ranar da asiri ya tonu yaron ne zai sha dakatarwa.

Gwaji kuwa kulob ne ke gayyata, ba dillali ba. Akwai fom na FIFA da kulob da ɗan wasa ke sa wa hannu, a shigar da shi TMS, manhajar FIFA ta sauyin sheƙar 'yan wasa, aƙalla kwana goma kafin a fara, kuma tunda naku bai kai 18 ba sai da izinin iyaye a rubuce. Mai shekara 21 ko ƙasa da haka ba ya wuce mako takwas a kulob ɗaya cikin kaka guda, wanda ya haura 21 mako uku. Abin da ya fi shafarku shi ne, doka ta hana a karɓi ko sisi da sunan kuɗin gwaji. Ku nemi lambar lasisin mutumin ku duba sunansa a jerin wakilai na shafin FIFA, domin tun 2023 sai mai lasisi ke wannan aiki. Sannan ku rubuta wa kulob ɗin ta adireshin da ke shafinsa na intanet, kada ku dogara da lambar wayar da ke jikin wasiƙar da aka nuna muku. Yadda abin ke lalacewa sananne ne: a shiga da yaro da bizar ziyara ta kwana 90 wadda ba ta ba shi damar aiki, a ajiye shi a ɗakin otal na mako guda, dillali ya karɓe fasfo "don ajiya", daga nan wayarsa a kashe.

In ma tafiyar ta gaskiya ce, ya kamata gida ya san irin rayuwar. Ku dubi ɗan garinku Shehu Abdullahi: daga Kano Pillars ya tafi Qadsia ta Kuwait a 2014, sai União da Madeira ta Fotugal a 2015, Anorthosis ta Saifurus a 2016, Bursaspor ta Turkiyya a 2018, ya koma Saifurus wajen Omonia a 2020, sai Levski Sofia ta Bulgeriya a 2022. Ƙasa biyar cikin shekara takwas, kuma wannan mutum ne da ya ci tagulla a Olimfik ta 2016 ya je Kofin Duniya na 2018. Wanda bai kai shi suna ba, kwantiraginsa yawanci shekara ɗaya ne ko biyu, kowace bazara da jaka a hannu. Koci ya sauya, ko kulob ya faɗi rukuni na ƙasa, ko gurbin baƙi ya cika, sai a ce ya nemi wani wuri. Ga kuma ƙa'idar cewa kulob uku kawai za su yi masa rajista a kaka ɗaya, biyu kacal zai buga wa wasan gasa.

Ranar sa hannu, a karanta waɗannan da idon basira, da lauya ko mai jin harshen. Albashin da aka rubuta bayan cire haraji ne ko kafin a cire? Da wane kuɗi za a biya, Yuro ko kuɗin ƙasar da ke iya karyewa? Wata 10 ake biya ko 12? Gida, tikitin dawowa da magani in ya ji rauni suna ciki? Duk alkawarin da aka yi da baki, kamar ladan cin wasa, in bai shiga takarda ba babu shi. Ya karɓi kwafinsa mai sa hannun kulob a ranar.

Kafin nan, a tabbatar yana da rajista a ƙungiyarsa ta yanzu. Da wannan rajistar hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ke fitar da ITC, wato takardar izinin komawa wasa a wata ƙasa, kuma da ita ƙungiyoyin da suka rene shi tun yana 12 ke samun rabonsu daga kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayar da shi nan gaba.

TAMBAYA: Ɗana yana wasa a ƙasar waje, wata uku ba a ba shi albashi ba. Na ce ya tattaro ya dawo gida. Na yi daidai?
Wani uba daga Runjin Sambo

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara haƙuri, amma kada ya motsa tukuna. In ya bar atisaye ya taho, kulob zai ce shi ya karya kwantiragi, a ci shi tara, wataƙila har da dakatarwar wata huɗu.

Ga hanyar. Tunda bashin ya kai albashin wata biyu, ya rubuta wa kulob wasiƙa ta imel, ya lissafa watannin da adadin kuɗin, ya ba su wa'adin kwana 15. Cikin kwanakin nan ya riƙa zuwa atisaye kullum, ya adana shaidar turawa da takardun bankinsa. In wa'adi ya cika ba su biya duka ba, yana da hurumin soke kwantiragin a rubuce, ya kai ƙara kotun ƙwallon ƙafa ta FIFA. Ɗan wasa ba ya biyan kuɗin shigar da ƙara, amma dole a shigar kafin shekara biyu ta wuce. Kulob ɗin da aka yanke wa hukunci ya ƙi biya ana hana shi rajistar sababbin 'yan wasa.

Inda yara ke cutuwa shi ne takardar da ake miƙo musu cewa an rabu lafiya ba bashi, a haɗa da tikitin jirgi da albashin wata guda. Mai kewar gida yakan sa hannu, sauran haƙƙinsa ya tafi. Ya kai takardar ga ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasar, wadda galibi take ƙarƙashin FIFPRO, uwar ƙungiyoyin 'yan wasa ta duniya, su karanta masa kafin ya taɓa biro.