Hukuncin Raɗa wa 'Ya Mace Suna Rifkatu

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ranar Talatar da ta wuce iyalina ta sauka, an samu 'ya mace. Surukata mutuniyar Filato ce, ta musulunta tun kafin ta auri mahaifin matata, amma ba ta canza sunan da iyayenta suka sa mata ba, wato Rifkatu. Allah ya yi mata rasuwa bara. Matata ta roƙe ni in mayar da sunan, ni kuma na amsa mata. Da na faɗa a gida sai yayana ya ce wannan sunan Yahudawa da Kiristoci ne, Musulmi ba ya sa wa 'yarsa. Hajiyarmu ba ta ce komai ba, amma na ga alamar ranta bai kwanta ba. Malam, mene ne asalin sunan nan, me yake nufi, kuma ya halatta in sa? Suna ya matso.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya, ya jiƙan surukarka. Tun da lokaci ya ƙure maka, ga hukuncin tun farko: ya halatta ka raɗa wa 'yarka Rifkatu, babu haramci a ciki. Sai dai maganar yayanka ba daga sama ta faɗo ba, akwai abin da ya gani, za mu zo kansa.

Rifkatu ita ce matar Annabi Ishaƙa, mahaifiyar Annabi Yaƙubu, kakar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare su. Alƙur'ani bai ambaci sunanta ba, ba kuwa abin mamaki ba ne, don mace ɗaya ce tal aka kira da sunanta a cikinsa, Maryam. Sunan ya iso mana ta hannun malaman tarihi. Ibn Kasir, wanda ya rasu a 774 bayan Hijira, ya kawo a cikin Albidaya wan Nihaya cewa Ahlul Kitabi sun ce Ishaƙa ya auri Rifƙa 'yar Batuyil yana ɗan shekara 40, mahaifinsa na raye. Ta daɗe ba ta haihu ba, ya roƙa mata Allah, ta haifi tagwaye, Isu da Yaƙubu. A wajensu 'yar dangin Annabi Ibrahim ce, daga yankin Harran aka ɗauko ta. Harran ɗin nan yau tana kudu maso gabashin Turkiyya, kusa da iyakar Siriya, kuma nan ne aka haifi Ibn Taimiyya a 661. A Masallacin Ibrahim da ke garin Khalil a Falasɗinu akwai gini biyu da ake jingina wa kabarin Ishaƙa da nata.

Irin wannan labari ƙa'idarsa sananniya ce. Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba da labari daga Banu Isra'ila babu laifi; ya kuma ruwaito cewa kada a gaskata Ahlul Kitabi, kada a ƙaryata su. Abin da bai ci karo da littafinmu ba, irin sunan matar wani annabi, ana faɗarsa, ba a dai gina aƙida a kai.

Idan aka ce to ai ba a Alƙur'ani yake ba, sai mu duba gidajenmu. Bilkisu a Alƙur'ani "wata mace da take mulkinsu" ce kawai. Zulaihatu "matar Azizu" ce. Hannatu "matar Imrana" ce. Bilyaminu, wanda jikan Rifkatun nan ne, "ɗan'uwansa" kaɗai aka ce a Suratu Yusuf. Duk sunayen nan ta ƙofar masu tafsiri da tarihi suka shigo, ƙofar da Rifkatu ta biyo, kuma babu unguwar da za ka shiga a Kano ko Zariya ka rasa Bilkisu.

Ma'anar kuwa, a nan mutane suke yawan zamewa. Da yawa suna zaton sunan ya fito daga kalmar Larabci rifƙu, wato tausasawa da sauƙin hali. Sautin ne ya yi kama, asalin daban. A rubutun Ibrananci harafin tsakiya "ba" ne, sai dai suna sassauta furucinsa har ya kusanci "fa", a Larabci kuma da "fa" ɗin ya zauna. Tushen haruffa uku ne, "ra", "ba" da "ƙaf", masana harshe kuma suna mayar da shi ga ɗauri da igiya. Larabci yana da tushen nan daram: ribƙu igiya ce doguwa mai hannaye da yawa da ake ɗaure 'yan raguna a jere, kowane hannu sunansa ribƙa. Wanda ya taɓa kwana a ruga ya san ta. Ita ce dangwali. Da asuba za ka tarar da 'yan maruƙa a jere, kowanne wuyansa cikin nasa madauki, suna ta kuka iyayensu na amsawa, sai an zo tatsa a kwance ɗaya bayan ɗaya. Ba don mugunta ake ɗaure su ba, don kada su ɓace ne ko kura ta yi gaba da su. Da wannan kalma hadisin Abu Zarri ya zo a wajen Abu Dawuda: wanda ya rabu da jama'a ko da taƙi ɗaya ne, ya cire ribƙar Musulunci daga wuyansa. Kalmar da aka siffanta riƙon Musulunci da ita ba za a ce mummuna ce ba.

Masu shafukan sunaye a intanet kan yi mata ado su ce "mai ɗaure zukata da kyanta". Wannan kwalliya ce suka ɗora, kada ka riƙe ta a matsayin fassara. Haka nan kada wani ya ce maka ina amfanin suna mai ma'anar igiya. Khadija a asalin lugga bakwaini ce, Faɗima mai yaye ce, Ramlatu yashi ne. Masu sunan ne suka ɗaukaka sunan.

Shi kansa furucin da muke yi, Rifkatu, shaida ne cewa ta Larabci ya zo ƙasar Hausa. Wannan "tu" ta ƙarshe ita ce ta A'ishatu da Hadizatu da Saratu, ta'un da Larabawa ke rufe sunan mace da ita. Wadda ta bi ta Girkanci da Latin ita ce ta zama Rebecca a bakin Turawa.

Zancen cewa sunan Ibrananci ne, wannan ba ya haramta komai. Ɗalibin da ya kai babin sunayen da ba sa karɓar tanwini a nahawu ya san Ibrahimu, Isma'ilu, Ishaƙu da Yaƙubu duk ajamawan sunaye ne. Ishaƙa a harshensu daga dariya yake, ka kuwa karanta aya ta 71 a Suratu Hud ka ji abin da aka ce game da matar Annabi Ibrahim: matarsa tana tsaye, sai ta yi dariya, sai Muka yi mata bushara da Ishaƙa. Manzon Allah ya sa wa ɗan cikinsa Ibrahim, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Anas. Ya sa wa ɗan Abu Musal Ash'ari Ibrahim. Ya sa wa ɗan Abdullahi bin Salam, malamin Yahudawan Madina da ya musulunta, suna Yusuf. Hujjar da ta fi kusa da mas'alarka ita ce ta Mugira bin Shu'uba a Sahihu Muslim. Kiristocin Najran sun tambaye shi yaya kuke karanta "ya 'yar'uwar Haruna" ga Maryam, alhali tsakanin Musa da Isa akwai zamani mai tsawo? Da ya dawo ya tambaya, sai Annabi ya ce masa sun kasance suna sa sunayen annabawansu da salihan da suka gabace su. Ya faɗi haka bai aibata ba, malamai kuma suka kafa hujja da shi a kan halaccin sa sunayen annabawa da mutanen kirki na al'ummun baya.

Sunayen da shari'a ta hana an san su: wanda ya bautar da mutum ga wanin Allah, kamar Abdul Ka'aba, wanda Ibn Hazm ya hakaito haɗuwar malamai a kan haramcinsa, sunan da Allah ya keɓanta da shi, sai waɗanda Annabi ya canza don munin ma'ana ko yabon kai, kamar 'yar Umar mai suna Asiya da harafin ainun da sadun, wato mai saɓo, ya mayar da ita Jamila, da Barra da ya mayar Zainab. Rifkatu ba ta faɗa ko ɗaya ba. Ka kuma lura Mariya ta zo daga Masar da sunanta na gida, ta haifa wa Manzon Allah ɗansa Ibrahim, da sunan nan muka san ta har yau. Surukarka da ta riƙe nata ba ta yi laifin komai ba.

Yanzu ga abin da yayanka ya gani. Ibnul Ƙayyim a cikin Ahkamu Ahliz Zimma ya kasa sunaye uku: na Musulmi kaɗai, na waɗanda ba Musulmi ba kaɗai, irin su Buɗrus da Jirjis, da na tarayya, irin su Yahaya, Isa, Ayuba, Dawuda da Sulaimanu. Ya hana Musulmi kashi na biyu saboda kamanceceniya, ga kuma hadisin Ibn Umar a Abu Dawuda cewa wanda ya kamantu da wasu mutane yana cikinsu. A arewacin Nijeriya kuwa gaskiya ce, idan aka ji Rifkatu zuciya takan tafi coci. Dalilin tarihi ne. A 1932 aka fitar da cikakkiyar fassarar Baibul da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya yake cikin jagororinsa, masu fassarar kuma suka ɗauki sunayen a sigarsu ta Larabci da Hausawa suka saba ji. Mutanen Filato, kudancin Kaduna, Tangale, Adamawa da kudancin Borno da suka karɓi Kiristanci da harshen Hausa sai suka kwashi sunaye daga ciki. Waɗanda Musulmi suka riga suka saba da su, Yakubu, Saratu, Hannatu, suka zama na kowa. Waɗanda ba mu cika sawa ba, Rifkatu, Rahila, Lai'atu, Habila, Irmiya, suka zama kamar nasu. Mu muka bari, ba su suka ƙwace ba.

Abin da nake rinjayarwa shi ne Rifkatu tana cikin kashin tarayya. Buɗrus da Jirjis sunayen manyan coci ne, addininsu ne ya haife su. Ita kuwa matar annabinmu ce kuma uwar annabinmu, ta rayu kafin a saukar da Attaura balle Linjila. Da Annabi ya tarar da Yahudawa suna azumin Ashura bai bar musu Musa ba, cewa ya yi mu ne muka fi cancanta da Musa. Ƙarancin masu suna a cikin Musulmi ba ya mayar da shi alamar wani addini. Inda zan ja maka kunne shi ne sigar Turawa. Rebecca, ko Beki da ake gajartawa, suna ne da ya yi tashe ƙwarai a can, har a 1994 shi ne kan gaba cikin sunayen da aka sa wa jarirai mata a Ingila da Wales. Wannan siga tasu ce, ba ta biyo ta littattafanmu ba, ba ka da wata bukata gare ta. Ka rubuta Rifkatu a takardar haihuwa, kada ka bari a juya shi a makaranta.

Saura abu ɗaya da ba na haramci ba ne, na tausayin yarinya ne. Na taɓa gani a wata Islamiyya, ana kiran suna da safe, malami ya kira wata yarinya Rahila, sai aji ya ɗauki ƙus-ƙus, wani yaro daga baya ya ce "ashe da 'yar coci muke karatu". Yarinyar ta ja hijabi ta rufe fuska, ranar ko hadda ba ta iya bayarwa ba. Washegari aka ba su ƙissar Annabi Yusufu, aka gaya musu sunan mahaifiyarsa ke nan, maganar ta mutu, har wasu suka koma kiranta Maman Yusufu. Da a ce kawai a intanet ka tsinci sunan ya burge ka, da na ce maka ga Maryam, ga Asiya, ga Saratu, ka hutar da 'yarka yawan bayani. Amma kai kana da dalili mai nauyi. Baiwar Allah ce ta bar addinin iyayenta ta zo cikinmu, ta rasu a kan Musulunci, 'yarta tana son a tuna da ita. Idan aka ce sunanta bai isa a mayar ba alhali ana mayar da na kowace kaka, me aka gaya wa matarka game da uwarta? Safiyya matar Annabi ta yi kuka don an kira ta 'yar Bayahude, sai ya ce mata ke 'yar annabi ce, baffanki annabi ne, kuma kina ƙarƙashin annabi. Tirmizi ya ruwaito.

Raɗin suna haƙƙin uba ne idan aka saɓa, haka Ibnul Ƙayyim ya tabbatar a Tuhfatul Maudud, saboda haka yayanka shawara gare shi, ba hani ba. Hajiya kuwa kada ka bari ta ji a bakin maroƙi. Ka je da kanka tun kafin ranar, ka zauna, ka gaya mata sunan kakar Annabi Yusufu ne, ka nemi ta sa albarka. Da ma a al'adarmu mai sunan kaka ba a cika kiranta da shi a gida ba, matarka ma ba za ta iya faɗar sunan mahaifiyarta gatsau ba. Ka bar wa Hajiya ta zaɓi sunan da za a riƙa kira, Ummi ko Mami ko wanda ta ga dama. Ka kuma roƙi limamin da zai raɗa ya yi wa jama'a bayani cikin jimla biyu kafin a shafa fatiha. Idan bayan duk wannan Hajiya ta fito fili ta ce ba ta yarda ba, har ka ga abin zai kai ga ɓacin zumunci, to mayar da suna mustahabbi ma bai kai ba, halal ne kawai, kiyaye zuciyar uwa kuwa wajibi ne. Sai ka lallashi matarka, ku yi wa marigayiya sadaka da addu'a, ku ajiye sunan zuwa wata haihuwar in Allah ya kawo.

Ragon suna ɗaya ya isar wa mace kamar yadda ya isar wa namiji a mazhabar Malik. Tun da ranar Talata aka haihu, in bayan fitowar alfijir ne ba a lissafa ranar, sai ka yanka Talata mai zuwa da hantsi.

Wallahu a'alam.