Rumbu ne ko Kundi?

Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Malam, na fara koyon TinyDB, wata ƙaramar manhajar adana bayanai, a harshen kwamfuta na Python, ina so in koya wa ƙannena da Hausa. Shin 'rumbun bayanai' ya dace da ita? Kuma malaminmu ya ce ƙaramin goro ya fi babban dutse, me yake nufi?"

Ɗana, rumbu ba laifi, ya riga ya zauna a bakin 'yan jarida. Sai dai rumbu wurin hatsi ne, dami kamar dami. Ya fi dacewa da ma'adanar da ke jera bayanai a jadawali, kowane layi da gurabe iri ɗaya, irin SQLite.

Taka ba haka take ba. A TinyDB kowane bayani takarda ce mai zaman kanta. Ta wannan ɗalibi suna da aji kawai, ta wancan har da unguwa da sana'ar uba, kuma ba wadda ta takura wata. Hausawa sun san wannan tun kafin kwamfuta, sunansa kundi. Duk wanda ya zauna a zauren malami ya ga yadda yake: takardu ne da ba a ɗinke ba, wannan ta addu'a, waccan ta lissafi, wata ta tarihi, a ƙara a cire, a tattara a gafaka. Ni dai "kundin bayanai" nake so ka ce, don kalmar ta riga ta yi maka rabin darasi. Gafakar kuwa fayil ɗaya ne na JSON, wato tsarin ajiye bayanai da rubutu zalla, wanda za ka buɗe ka karanta da idonka. Ka girka TinyDB da umarnin pip install tinydb. Umarnin insert ka kira shi "saka", search kuwa "lalubo", don ya fi "nema" nuna hannu a cikin takardu.

Karin maganar na nufin amfani ake dubawa, ba girma ba. Malaminku ya yi gaskiya: rajistar aji ko littafin bashin kanti ba sa buƙatar babbar manhaja. Amma ka sani TinyDB tana karanta fayil ɗin gaba ɗaya a kowane sabon lalube, kuma ba a yi ta don mutane da yawa su riƙa rubutu lokaci guda ba. In takardu sun yi yawa ta fara jan ƙafa, ka koma babbar manhajar nan MongoDB, wadda ta fito a 2009. Ita ma kundi ce, kalmominka ba za su canza ba.